Mani Maƙeri da Idon Rasor

"Har yanzu ba ta tashi ba?"

"Ina za ta tashi, ƙafarta ta gaba na bisa kututture?"

"Mota na da ƙafa?"

"Ke dai tahi ki gani. Sun zare mata wani ƙarfe awa haƙarƙarin saniya, an kai ma Mani."

"Wane Mani? Na gidan maƙera, mai yi muna hauya?"

"Shi dai."

"To ni man gyaɗata ya ga ta kansa. Kafin mai hauya shi gama, kasuwar Dutsi ta watse."

"Rage murya, ga matatai nan zaune."

Matan da ke jiran mota ne a gindin tsamiyar tashar Kore Mairuwa, da safiyar wata ranar kasuwar Dogon Dutsi, cikin tsakiyar damina. Ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba. Mota ɗaya ce garin ke dogara da ita a lokacin, tsohuwar kamyo, wato babbar motar kaya, ta Sama'ila direba, kuma tun asuba take tsaye da hancinta a ɗage. Hasiya, matar Mani, ta ji duk abin da aka faɗa. Ta gyara ɗaurin ƙunshinta kawai. Matankari za ta, wajen mahaifiyarta da ke kwance ba lafiya, kuma sai ta Dogon Dutsi ake bi.

Mani ɗan maƙera ne gaba da baya. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, sai ƙanen mahaifin, Baba Tukur, ya riƙe shi, ya ɗora masa masaɓa a hannu tun bai iya ɗaura walki da kansa ba. Da ya zama saurayi aka kwashe shi aikin dole na hanya, can wajen Dosso. Masu gadin aikin suka lura ya iya wasa diga, suka raba shi da ɗaukar ƙasa suka kai shi rumfar gyaran motocin ma'aikatar hanya. A nan ya fara ganin cikin mota. Aka hana aikin dole, kowa ya kama hanyar gida, shi bai dawo ba sai bayan shekaru, da akwatin kile, wato sifanonin kwance noti, da wani guntun ƙarfen jirgin ƙasa da ya sayo a hannun 'yan Ikko. Ya kafa rumfa a bakin hanya, ya dasa guntun ƙarfen nan a matsayin uwar maƙera, ya haɗa abin hura wuta da ƙafar keke a maimakon zuga-zugin fata. Yana ƙera hauya da gatari kamar kowa. Amma idan mota ta karye tsakanin Dosso da Dutsi, shi ake nema.

Mutum ne mara yawan magana, kunnensa na hagu ya ɗan toshe da ƙarar masaɓa, don haka yakan karkata kai idan ana yi masa zance. Kowace safiya sai ya je ya gaida Baba Tukur kafin ya hura wuta. Duk guntun ƙarfen mota da ya karye, tsohon yake kai wa, domin babu ƙarfen da ya kai shi yin gatari mai kaifi. A gidansu akwai abin da ba a yi: ƙaramin maƙeri ba ya cewa hannun babba ya ɓata ƙarfe, ko a ɗaki, balle a gaban mutane. Idan aiki ya lalace, na wanda maƙerarsa ce.

Abin da ya karye a motar Sama'ila shi ne rasor na gaba, gefen dama. Falle-fallen ƙarfe ne masu lanƙwasa, an jera su bisa juna an ɗaure, su ke ɗauke da nauyin mota su kuma shanye gargadar hanya. Falle na sama, mafi tsawo, bakinsa a nannaɗe yake kamar zobe. Wannan zoben shi ake ce wa ido, ta cikinsa ƙusa ke ratsawa ta riƙe rasor a jikin mota. Idon ne ya tsage. Sabon ƙarfe kuwa sai Yamai.

Mani yana da wani dogon falle da ya ajiye daga wata mota da ta mutu. Ya yanke shi daidai tsawo, ya gasa bakinsa har ya yi ja, ya nannaɗe shi a jikin tsohuwar ƙusa, bugu kaɗan-kaɗan, har ido ya fito. Sai ya tura bakin cikin tulin toka mai zafi ya rufe. Haka aikin yake. Gatari ake tsomawa a ruwa don bakinsa ya yi tauri. Idon rasor kuwa a hankali yake hucewa, domin aikinsa ya lanƙwasa ya dawo, kuma idan ya sha ruwa sai ya bushe kamar fasasshen kasko, ba ya nuna alama, rana ɗaya ya ɓalle.

Yana rufe tokar, sai Sama'ila ya aiko kira, wai ya zo ya duba mazaunin ƙusa. Mani ya bar rumfa ba kowa, ya tafi.

Da ya dawo ya zaro fallen, ya ji ya yi sanyi. Abin ya ɗan tsaya masa a rai, don bai zaci zai huce da wuri haka ba. Al'adarsa ce ya goga zarto a kan kowane ido kafin ya ɗaura, idan zarto ya ci to lafiya. Ya miƙa hannu zai ɗauko zarton ke nan, Sama'ila ya danna oda daga tasha, ya sake dannawa, ya kuma leƙo da kansa.

"Mani! Ƙarfe kake ƙerawa ko kaciya kake yi mai? Mutane na zagina!"

"Shina zuwa."

"Tun hantsi shina zuwa. Ɗauko shi hakanan, ba amarya ba ne da za a yi mai kwalliya."

Mani ya saɓa fallen a kafaɗa ya bi shi. Suka jera, suka ɗaure, suka buga ƙusa, aka sauke motar daga kututture. Sama'ila ya hau bamba ya yi tsalle, motar ta lotsa ta dawo. Aka loda buhunan gero da wake, da awaki, da tulunan mai, mutane suka hau bisa kaya. Mani da kansa ya miƙa wa Hasiya ƙunshinta.

"Zauna nan gaba, bayan kan mota, gefen dama," ya ce mata. "Nan ba ya jijjiga."

"To, maigida. Sai na dawo."

"Ki gaishe da Inna. Allah shi ba ta lahiya."

Motar ta tashi tana hayaƙi, ta nufi gabas inda hadari ya zubar da ruwa tun safe.

Mani ya koma rumfa ya kama gyaran wata hauya. Can sai ga Baba Tukur da sandarsa, yana tauna taba, ya zauna a kan turmin da aka kife.

"Motar ta tashi?"

"Ta tashi, Baba."

"Madalla. Ɗazu na zo ɗibar gawayi ban ishe ka ba. Kai dai, Mani, zaman Dosso ya sa maka gaggawa. Ka gama aiki mai kyau, ka tura shi cikin toka ka manta ba ka shayar da shi ba."

Mani ya karkata kai, ya juyo da kunnen da ke ji.

"Mi kac ce, Baba?"

"Na ce na ƙarasa maka. Na zaro shi, na maida shi wuta, na juya wannan keken naka na banza har ya yi ja, na tsoma shi. Kai ka ji kukan da ya yi? Ƙarfen ga na da kyau. Na maida maka shi inda ka aje."

"A ruwa, Baba?"

"A'a, a nono. A ruwa mana! Ƙarfen da zai ɗauki mutum da buhu, ka bar shi lagwai-lagwai?"

Mani ya dubi komin ruwan da ke gefen wuta. Ga baƙin ɓawon ƙarfe nan kwance a ƙasansa. Ya ajiye masaɓa a hankali. Tsohon yana kallonsa yana jiran godiya, fuskarsa cike da jin daɗi.

"Na gode, Baba," in ji Mani. "Ka zauna, ina zuwa."

Ya zari zarto da ƙaramar masaɓa ya cusa a aljihun walki. Yana fita daga idon tsohon ya zuba da gudu.

Ya san hanyar kamar tsakar gidansu. Daga Kore Mairuwa shimfiɗaɗɗiya ce, nauyi na zaune a baya, idon zai iya jurewa. Amma gaba akwai gangaren da ke sauka cikin ƙorama, inda direba ke taka birki, duk nauyin mota ya koma kan ƙafafun gaba, sannan ta daki duwatsun da aka shimfiɗa a ƙasan ruwa. Idan idon ya ɓalle a nan, ƙafar dama za ta zame baya, sitiyari ya fizge daga hannun Sama'ila, motar ta kife ta gefen dama.

Keke ɗaya ne a kusa, na Ɗanmalam tela, jingine a ƙofar shagonsa.

"Ɗanmalam, kekenka."

"Lahiya? Kai da ba ka ko sallama?"

"In na dawo."

"Birkin baya ba ya ci fa! Mani! Kar ka hau min shi cikin taɓo!"

Da fari hanyar a bushe take, sai gargada da ke girgiza haƙora. Ya wuce gonakin gero, manoma na ɗago kai daga noma suna kallon maƙeri da walki a kan keke. Gaba kaɗan ya shiga inda aka yi ruwa. Jar ƙasa ta zama kamar tuwo, tana liƙewa tsakanin taya da murfinta har keken ya ƙi juyawa. Ya sauka ya ƙwaƙule da zarto, ya hau, ya sake sauka. Sawun tayar kamyon na nan a gabansa, biyu, a miƙe. Idonsa na kan na dama. Duk kwanar da ya sha sai ya leƙa gaba, har sai ya ga sawun ya ci gaba. Wani wuri ya hango abu fari yashe a gefen hanya, da ya matso ya ga ashe buhu ne da iska ta kwaso. Sarƙar keken ta zame. Bai tsaya mayar da ita ba, ya jingine keken a jikin wata sabara, ya cire takalmi, ya ci gaba da ƙafa.

A wancan zamani, idan aka yi ruwa, akan tare manyan motoci har hanya ta sha iska, don kada su farfasa ta. Bariyar ruwa ake ce mata: doguwar sanda a gicciye, da mai gadi a bukka. Akwai ɗaya a bakin wani ƙauye, daf da gangaren. Ita ce kaɗai abin da Mani ke roƙon Allah a kai.

Da ya hau tudun ƙarshe ya hango motar. Tana tsaye. Amma hayaƙi na fita daga bayanta, mutane duk sun hau, kuma mai gadin, wani tsohon soja Bazabarme da ake kira Issa, yana kwance igiyar sandar.

"Gardi! Kar ka ɗaga!"

Muryar ba ta kai ba. Ya sake kwarara ihu, yana gudu yana ɗaga hannu. Wata mata a kan kaya ta nuna shi, kawuna suka juyo. Issa ya tsaya da igiya a hannu. Mani ya iso, ya dafa hancin motar, yana haki.

Sama'ila ya leƙo ta taga.

"Ikon Allah. Mi ka manta, masaɓarka?"

"Kashe mota."

"Mi?"

"Kashe ta, Sama'ila. A sauke mutane. Idon ga ba shi da kyau."

"Wane ido? Wanda ka ɗaura da hannunka?"

"Shi. Ya sha ruwa."

"Dukanmu mun sha ruwa yau. Kauce min, rana na tahiya."

"Ba ruwan sama ba. An tsoma shi da zahi. Ya bushe. In ka taka birki a gangaren ga, shina ɓallewa."

Sama'ila ya buɗe ƙofa ya diro, bai kashe injin ba. Ya leƙa ƙarƙashi, ya daki rasor ɗin da ƙafa.

"Ga shi nan garau. Tun daga Kore Mairuwa nike tahe, ko ƙara bai yi ba. Wa ya tsoma shi?"

Mutanen da ke kan kaya suka dubi juna. Kusan duk 'yan garinsu ne, sun san gidan maƙera, sun san wa ke shiga rumfar Mani ba tare da sallama ba.

"A maƙerata ya sha," in ji Mani.

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Aikina ne. Ni na ɗaura shi ban gwada ba."

"To kun ji! Maƙerin hauya! Da safe shi ce ya gyara, da rana shi ce bai gyara ba. In na sauke kayan ga, na ɗaga mota, yaushe za mu isa? Kasuwa jiranmu take?"

"Mu dai a tahi!" wani mai awaki ya ce daga sama. "Allah na nan!"

"Mun daɗe a rana, yara na kuka!"

Issa mai gadi ya gyara hular kakinsa. "Ni hanya an ka ba ni tsaro, ba mota ba. Hanya ta bushe. Alon, in kuna wucewa ku wuce." Ya saki igiya, sandar ta tashi sama.

Mani ya faɗa ƙarƙashin motar, injin na ruri a kansa. Ya share taɓon da ke kan idon da hannu, ya goga zarto. Zarton ya zame, fiit, ko gezau. Ya sake gogawa da ƙarfi. Bai ci ba.

"Sama'ila, duƙo ka gani. Zarto ba ya cin shi."

"To ba shi ke nan ba? Ƙarfe mai ƙarfi! Fito, ko in bi ta kanka."

Sama'ila ya koma mazauninsa ya rufe ƙofa. Mani ya fito, jikinsa duk jar ƙasa. Ya dubi gangaren, ga shi nan ana hango ruwan ƙoramar yana ƙyalli. Ya ɗaga kai. Hasiya na zaune inda ya zaunar da ita, daidai saman ƙafar dama, ƙunshinta a cinya.

"Hasiya, sauko."

Bai taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba. Ta dube shi.

"Maigida, Inna fa?"

"Sauko. Ko da ƙafa ne na kai ki."

Ta miƙo masa ƙunshin, ta juya, ta taka ƙarfen gefe, ta taka taya, ta sauka. Ta tsaya kusa da shi tana gyara mayafi.

Matar da ke gefenta, mai man gyaɗa, ta dubi gurbin da aka bari. Ta dubi gangaren.

"Ke, miƙo min tuluna. In mai ƙera ƙarfen ya sauke tashi matar, ni ɗiyar wa ce da zan zauna?"

"Ajuma, ke da kin fi kowa gaggawa?"

"Na fasa. Riƙe min yaron ga in sauka."

Daga nan sai mata suka fara saukowa, ana miƙo jarirai hannu zuwa hannu. Wani dattijo ya bi su. Mai awaki ya yi ta masifa, amma da ya ga saura shi da awakinsa a sama, ya fara zuro su ɗaya-ɗaya. Sama'ila ya danna oda har ya gaji, sannan ya kashe injin. Ya fito fuskarsa a murtuke, ya jawo kirik, ƙarfen ɗaga mota, daga bayan kujera ya jefar a gaban Mani.

"Ɗaga. In ƙarfen ga lahiya lau yake, wallahi ba ka ƙara taɓa motata, kuma duk direban da ke bin hanyar ga sai ya ji."

"Na yarda."

Maza suka sauke buhunan gaba. Aka sa dutse a bayan tayoyi, aka ɗaga motar har rasor ya saki nauyi. Mani ya kwanta, ya kwance noti, ya buge ƙusar ta fita, bakin fallen ya sauko kaɗan. Mutane suka duƙa suna leƙe. Ya ɗaga ƙaramar masaɓa, bai ko ja hannu da nisa ba, ya ɗan daki idon.

Ƙarar ba ta fi ta faranti ba. Idon ya rabu, rabi ya faɗo kan ƙirjinsa, rabi ya gangara har gaban takalmin Sama'ila. Sama'ila ya duƙa ya ɗauka. Wajen karayar fari ne tas, mai tsaki-tsaki kamar gishiri, sai gefe guda da ya riga ya yi duhu, inda tsagar ta fara tun a hanya.

Wata mata ta fara salati a hankali. Issa mai gadi ya je ya jawo igiya, ya maido da sandarsa ƙasa ba tare da an ce masa ba.

"Akwai maƙera a ƙauyen ga," in ji Mani daga ƙarƙashin mota. "In sun ba ni wuta, zan fidda wani ido. Sai dai a jira shi huce, kuma ba mai yi min gaggawa."

"Kasuwa dai ta tahi," mai awaki ya ce. "Aikin banza tun safe."

"Rufe muna baki," in ji Ajuma.

Mani ya fara kwance ɗaurin fallayen. Sama'ila na tsaye da guntun ƙarfen, yana juya shi, yana duban gangaren. Sannan ya tsuguna, ya saka kansa ƙarƙashin motar ta gefen kunnen Mani mai ji, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Mani, tunda kana nan kwance, don Allah goga min zarton ga a na hagu ma."